Gonar Aro a Hayin Mayo Gwoi

Ranar da jikana Nasiru ya shigo da buhunan siminti wofi, shi da abokansa, suka ce za su noma doya a cikin gida don sun ga ana yi a waya, ban hana su ba. Na zuba ido suka cika buhu da ƙasa, suka yanka doyar cefane yadda ake yanka ta suya, suka cusa, suka kwarara ruwa safe da yamma. Ba a jima ba tsakar gida ta ɗauki wari. Yau ga ku, kai Nasiru da abokanka, kun durƙusa, wai Dada a taimaka. To, ku gyara zama. Ba zan hana ku buhu ba, zamaninku ne, nan unguwar Majidaɗi ko wurin shanya da ƙyar muke samu balle gona. Amma tunda kun tambaya, sai kun ji inda na koyo abin, da abin da ya ci mini.

Ni ba 'yar manoma ba ce. A unguwar Sarkin Dawaki aka haife ni, kakanmu daga Zariya ya zo da allura da zare, duk gidanmu maɗinka ne. Mijina Malam Isa ma tela ne, har idonsa ya fara gaza ganin kafar allura. Ya sayar da keken ɗinkin ya sayi garma, mutane suna ta dariya. Lokacin ba a ba mu jiha ba, Jalingo ba ta kai ko'ina ba. In ka haye kogin Mayo Gwoi ka miƙa wajen duwatsu, daji ne sosai, na wani dattijon Mumuye da ake kira Baba Yakubu. Malam ya kai masa goro da gishiri, suka zauna su maza suka yi magana, ni ina gefe goye da Binta, uwar Nasiru. Da muka taso ya ce mini an ba mu aro. Muddin garma ba ta tsallake shekara ba, gona tamu ce mu ci, kuma doyar farko ta kowace shekara a kai wa mai ƙasa. Ranar da aka bar ta ba noma, ta koma hannun masu ita. Ashe sharaɗin da saura. Malam bai ga dalilin gaya wa mace ba, ni ma ban tambaya ba.

Aikin farko shi ne sassabe. Muka shiga da adda da gatari, Malam yana so ya kwantar da kowane itace don gona ta yi fes kamar tsakar gida. Muna cikin haka wata tsohuwa ta ɓullo daga ciyawa da kwando, ta tsaya tana kallonmu, ta riƙe baki.

"Kai, Hausa. Ka sare duka, doya zai hau kan wa? Kan ka?"

Mama Laraba ke nan, matar Baba Yakubu. Ita ta nuna mana a bar siraran itatuwa, a tara musu busasshiyar ciyawa a gindi a sa wuta, su mutu a tsaye, yaɗon doya ya sami abin hawa. Daga ranar na zama ɗalibarta, ko da yake ba wanda ya faɗi haka. Hausarta guntu-guntu ce, ni ko kalma ɗaya ta yarensu ban iya ba, don haka yawancin karatun da hannu aka yi shi. In na yi daidai ta yi shiru. In na yi kuskure ta buge mini hannu kamar yarinya, ga ni da goyo.

Bukka muka yi ta ciyawa a kan ɗan tudu. Ba maƙwabci. In kana son ka san akwai mutane a duniya, sai ka duba hayaƙin gidan Baba Yakubu can gindin dutse. Ni da na tashi a gidan da ko tari ka yi mutum biyar za su ce sannu, na zo inda ba a jin kiran salla, sai dai ka duba inuwa. Watannin farko na yi kuka har na gaji, na ga ba mai lallashi, na daina.

Garmar doya ba fartanyar da kuka sani ba ce. Bakinta faɗi kamar faifai, ƙotarta gajeriya a lanƙwashe, ɗaga ta kaɗai aiki ne. Da ita ake tara tsibin ƙasa, kowanne ya kai cinya, kuma a ƙarshen damina ake yi tun ƙasa da sauran laushi. Wanda ya yi jinkiri har ta bushe, ya tsallake shekara ke nan. Wannan aikin maza ne. Namu mata shi ne iri, da hula, da cirar ciyawa, da bin yaɗo ana ɗora shi a kan itace.

Yankan iri kuwa, nan kuka faɗi. Ba kowace doya ake yankawa a binne ba, kuma ba a binne ta da jini-jini. Mama Laraba takan zauna a inuwa da 'yar wuƙarta, ta juya doya a hannu ta ga inda idanu suke, ta yanka yadda kowane yanki zai tafi da ɓawonsa. Sai a tsoma fuskar yankan a toka, a shanya a inuwa har ta yi ɓawon kanta. In an zo binnewa, ɓawo ƙasa, yanka sama. Sannan a yi wa tsibi hula: a ɗora damƙin busasshiyar ciyawa a kansa, a danne da ɓangoron ƙasa don kada iska ta kwashe. Rana ta nan ba ta wasa. Tsibin da ba hula, iri dahuwa yake yi a ciki tun kafin ruwan farko. Ku kuma kuka ɗauki buhu kuka ajiye a kan siminti, a tsakiyar rana, kuna ba shi ruwa kamar doki.

Abin da ya fi ba ni wahalar koyo shi ne cirar farko. Tsakiyar damina, ganye na nan kore shar, sai a tone gefen tsibi da tsinken itace, a hankali, a lalubo doyar, a yanke ta ƙasa da kai kaɗan, a zare, a bar kan da saiwoyinsa a mayar da ƙasa. Wadda aka zare ita ce sabuwar doya ta ci da kasuwa. Kan da aka bari kuma sai ya sake zuba wasu ƙanana masu ƙulu-ƙulu, munana, su ne irin baɗi. Ranar farko na tumɓuke gindi guda ɗungurungum, na ɗaga ina murna. Mama Laraba ta karɓa ta dube shi, ta dube ni, ta ce na ci bana na ci baɗi a tukunya ɗaya. Na fi wata kafin ta yarda in sake taɓa tsinken.

Masu saye kala-kala ne. Da fari a kai nake ɗauka in haye mayo in kai wa matan tasha masu suya. Su doguwa miƙaƙƙiya suke so, mai yankuwa daidai. Da aka ba mu jiha ma'aikata suka cika gari, sai ga masu sakwara, su kuma ba ruwansu da kyau, farce suke sa wa su ga ko za ta yi danƙo. Akwai wata Bayarabiya mai gidan abinci, in ta zo sai ta ƙwanƙwasa kowace doya a kunne kamar mai sayen tulu, ta kushe ta tas, sannan ta kwashe duka. Daga baya dillalai suka fara shigowa har gona da a-kori-kura suna saye ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari. Su ne sai ka tsaya a kansu, in ba haka ba irinka ma za su loda, su ce ai ƙanana ne, gyara ne.

Muguwar shekara ta zo muna da 'yan shekaru a wurin, gona ta fara kama mu. Ƙarshen damina ne, mayo ya cika ya batse, ta wajenmu kuwa ba gada. Zazzaɓi ya kama Malam, muka yi jiƙe-jiƙe, ba hanyar asibiti. Da hantsi ya cika, kansa a cinyata. Na goya Binta na tafi gidan Baba Yakubu, shi ya aika rugar Fulanin da ke bayan dutse, mazansu suka zo suka yi masa wanka da salla. Ba yadda za a haye da gawa. Baba Yakubu ya nuna gefen gona ta gabas da sandarsa ya ce a sa shi nan.

Da ruwa ya janye, Yaya Sule, wana, ya zo da saƙon gida: in tattara in koma Sarkin Dawaki, mace ba ta zama daji ita kaɗai. Gaskiya ya faɗa. Amma ƙasa ta fara bushewa, ba a ɗaga tsibi ko ɗaya ba. In na tafi, shekara ta tsallake, gona ta tafi, kuma da wanda ke kwance a gefenta za ta tafi. Sai na ce masa ai takaba a ɗakin miji ake yi, ga ɗakin mijina. Ya dubi bukkar, ya dube ni, ya san ba ƙarya na yi ba kuma ya san ba shi ne dalilina ba. Ya ce taurin kan gidanmu duk a kaina ya ƙare. Binta dai ya tafi da ita wurin Inna saboda sauro. Na tsaya a bakin mayo har na daina ganin jan ɗankwalinta.

Gayya ba ta yiwu ba. A wurinsu gayya da burkutu ake kiranta, ni kuwa ba zan dafa ba. Malam yinin aiki yake ba su su ba shi yini, ni wa zai karɓi yinina? Na ɗauki garmarsa. Ranar farko kafin azahar hannuna ya fashe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Tsibin da na yi ƙanana ne, karkatattu, kowane namiji zai ji kunyar a ce nasa ne. Wata rana Baba Yakubu ya biyo ta wurin, ya zagaya, ya tura ɗaya da ƙafa ya ga bai rushe ba. Ya ce, "Garma ya shiga," ya wuce abinsa. Mama Laraba ta zo muka yi hula tare.

Sai gwaggon biri suka sauko daga dutse. Da rani abinci yakan yanke musu, su zo garke guda su tone iri. Abin da ba ku sani ba, gwaggon biri ba ya tsoron mace. In ya ga zane, ko jifa kake zai zauna yana ci yana kallonka. Na yi ihu har murya ta dushe, a banza. Mama Laraba ce ta ce in sa kayan Malam. Na ciro rigarsa shuɗiya da hularsa, na saɓa sanda a kafaɗa, na riƙa zagaya gona ina taku irin na maza. Suka gudu kuwa. Haka na yi ranin nan kaf a cikin rigar mamaci. Adda Dija, mai kawo nono daga ruga, ta hango ni daga nesa rannan ta ajiye ƙwarya ta kama salati, sai da na cire hular na yi mata magana ta dawo hayyacinta. Muka yi dariya har da hawaye. Amma da ta tafi dariyar ta bi ta. Da la'asar inuwata takan miƙe a gabana da riga da hula, sak Malam. Nakan ba ta labarin gona, in tambaye ta shawara. Kaɗaici na san shi, ba labari aka ba ni ba.

Duk da haka fiye da rabin irin ya ƙone, don tsibin ƙanana ne, zafi ya ratsa su. Abin da ya tsira na lallaɓa. Na ci rogo da tafasa har na tsani ganinsu, ga sauran iri a rami a bayan bukka, ban taɓa ko ɗaya ba. Manomin doya da yunwa ta sa ya ci irinsa ya gama noma.

Ruwan farko da ya sauka ya baje tudun kabarin. Na jera duwatsu, birai suka birkice su suna neman kunama, suka watsar. Na sake jerawa, suka sake. Ciyawar wurin nan kuwa in ta tashi tana shanye mutum a tsaye. Na ga in aka yi damina biyu haka, ni kaina ba zan iya nuna inda yake ba. Lokacin Inna ta aiko mini da mangwaro daga gari. Na sha, na ɗauki ƙwallo ɗaya na binne daga wajen kansa, na kewaye da ƙaya. A gidanmu an koya mana dasa itace sadaka ce, ko tsuntsu ya ci kana da lada. Ban kawo komai a raina ba.

Ya tsiro da jajayen ganyensa, gwanin sha'awa. Ranar da Mama Laraba ta gani, murna nake na ja ta in nuna mata. Ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ba ta buge mini hannu ba. Ta ɗauki kwandonta ta tafi, ba sallama.

Ba ta sake zuwa ba. Yaransu da ke biyowa ta gefen gona suka canza hanya. In na gaida mutum daga nesa sai ya dubi wani wuri. Ga hayaƙinsu ina gani kullum, amma kamar an ɗauke su. Wannan shirun ya fi na mutuwar Malam ciwo, don shi na san dalilinsa. Na yi ta lissafin abin da na yi, ban gano ba. Baƙo makaho ne ko da idonsa.

Da cirar farko ta zo, na zaɓi mafi kyau cikin 'yar abin da na samu, na kai gidan Baba Yakubu kamar kowace shekara. Aka bar ni tsaye a waje. Can Mama Laraba ta fito, ta ce maigida ya ce in koma da kayana. Ko ba a faɗa ba na san in mai ƙasa ya ƙi doyar farko, aro ya ƙare. Na ce Mama, don girman Allah me na yi?

"Ka dasa itace a ƙasan mutane," ta ce. "Ba a gaya wa mijinka ba? Mai aro yana shuka abin da zai cire. Itace, mai ƙasa ne kawai. Yanzu ga kabari, ga itace. Gobe yaranka zai ce nan gidan ubansa ne."

Washegari da safe Baba Yakubu ya zo da ƙannensa biyu. Ba faɗa, ba zagi. Ƙannen suka ce magana ɗaya ce, in cire shi da hannuna a gabansu, a ci gaba da zama yadda ake. Abu mai sauƙi, tsiron bai wuce gwiwa ba, yaro ma zai fizge shi. Na durƙusa na kama shi. Hannuna ya ƙi. Na ce, "Baba, ƙasa taka ce, ban taɓa musu ba, ban kuma san doka ba. Amma duwatsu ba sa zama. In na cire wannan, baɗi ban san inda yake kwance ba."

Tsohon ya matso kusa da ni. Ya karɓi addata, ya durƙusa da ƙyar, ya haƙa kewaye da tsiron, ya ɗago shi da ƙasarsa gaba ɗaya. Ya miƙe ya ɗaga shi sama, ya juya ya nuna wa ƙannensa, kowa ya ga ya rabu da ƙasa. Ni na riga na sunkuyar da kai. Sai na ga ya sake durƙusawa ya mayar da shi cikin ramin nan dai, ya tura ƙasa, ya danne da diddige. Ya tambayi ƙannensa wa ya dasa wannan itace. Suka ce shi ne.

"To nawa ne," ya ce. "'Ya'yansa nawa ne. Matar Malam, inuwa na ba ka aro. Kawo doya."

Na yi shekaru masu yawa a gonar bayan nan, har na aurar da Binta da doyar wurin, har hannuna ya iya tsibin da maza ke tsayawa kallo. Mangwaron ya girma ya yi rassa. Ban taɓa tsinkar ko ɗaya ba. In ya nuna, jikokin Baba Yakubu su zo su kaɗe, Mama Laraba ta ware mini nawa a kwando, in ce na gode. Ita ta riga shi tafiya, shi ma ya bi ta.

Gari kuma ya hayo mayo. Aka fara ganin masu awo da jan fenti, yau nan gobe can. Magadan suka zo har bukka suka gaya mini da mutunci sun sayar, in cire doyata ta ƙarshe. Ban yi musu ba. Zanen aro ba ya rufe katara, na san haka tun ranar farko. Buldoza ta shiga ta share komai, bukka da rami da itatuwan da muka kashe a tsaye. Da mangwaron nawa ne, da ya bi su. Amma tsohon ya bar wasiyya cewa itacen nan shi ya dasa da hannunsa, ba a sayarwa ba a sarewa. Dole mai awo ya karkatar da layinsa ya bar masa 'yar kusurwa.

To ku tashi ku zubar da ruɓaɓɓen nan. Ku samo toka wurin mai ƙosai, ku jawo buhunan inuwa, gobe in nuna muku yanka. Jibi kuwa Juma'a ce, kada ku neme ni.

Mangwaron yana nan tsakanin katanga biyu, a bakin wata kwana. Masu keke napep sun mai da wurin tasha, sun kafa benci, wata tana sayar da kunun aya. Ba wanda ya san akwai mutum a ƙasan. Kowace Juma'a nakan je in zauna daga gabas, in yi abin da ya sawwaƙa na addu'a a zuci. Yaran suna da kirki, suna matsa mini wuri. Wancan satin wani sabo a cikinsu ya ga na daɗe, ya tayar da kekensa ya matso.

"Dada, ina za ki? Zo in kai ki."

Na ce masa ya je abinsa, Allah ya ba da kasuwa, ni nan na zo.